Wace unguwa ya kamata baƙo ya fara da ita a tsohon birnin Palermo?

Bashir_Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda, a watan Oktoba mai zuwa zan halarci wani taron ƙara wa juna sani a birnin Palermo da ke tsibirin Sisili a kudancin Italiya, kuma maiɗakina za ta raka ni. Bayan an tashi daga taron za mu sami 'yan kwanaki da babu wani aiki a gabanmu, kuma niyyata ita ce mu ƙarar da su a cikin tsohon birnin maimakon mu riƙa tsalle daga wannan gari zuwa wancan. Na duba taswira na ga manyan tituna biyu sun gicciye juna sun raba tsohon birnin gida huɗu, amma taswira ba ta faɗa wa mutum inda zai iya barci da dare ko inda zai ci abinci hankalinsa kwance. Ina roƙon waɗanda suka san garin su ba ni shawara kan unguwar da ta fi dacewa mu kama masauki, kuma su faɗa mini ko bin gari unguwa-unguwa ya fi bin jerin manyan gine-ginen da ake tallatawa. Abu na ƙarshe, na sha jin cewa Musulmi sun mulki wannan birni sama da shekara 200, to a wace unguwa mutum zai ga abin da suka bari?

Tanimu_Brescia

Wa alaikumus salam, Malam Bashir, Allah ya kai ku lafiya. Ni a arewacin Italiya nake zaune, amma aiki yana kai ni Palermo, don haka bari in fara shimfiɗa maka fasalin garin. Titunan da ka gani su ne Cassaro, wanda a rubuce ake kira Corso Vittorio Emanuele, da kuma Via Maqueda, wanda aka yanka a shekarar 1600 zamanin da Sifaniyawa ke mulkin tsibirin. Inda suka haɗu shi ne Quattro Canti. Idan ka tsaya a nan ka fuskanci teku, Kalsa tana gabanka ta dama, La Loggia wadda wasu ke kira Castellammare tana gabanka ta hagu, Albergheria tana bayanka ta dama, Capo kuma tana bayanka ta hagu. Cassaro tun daga ƙofar Porta Nuova har zuwa Porta Felice a bakin teku bai kai kilomita biyu ba, saboda haka duk inda ka sauka ƙafarka za ta kai ka sauran unguwannin.

Tun da kana tare da iyali, ni Kalsa zan zaɓa maka, musamman wajejen Piazza Marina ko Via Alloro. Da safe kuna iya fita zuwa Foro Italico ku sha iskar teku, tashar jirgin ƙasa ba ta da nisa, kuma da dare unguwar ta fi wajejen kasuwanni natsuwa, in dai tagar ɗakinku ba ta kallon wani dandali da ake shaye-shaye.

Hajiya_Rabi_Kumasi

Malam Tanimu ya yi bayani mai kyau, amma ban yarda da zaɓinsa ba. Ƙanena ya daɗe yana zaune a Albergheria, a gidansa na sauka, kuma ina ganin duk baƙon da ya fito daga ƙasashenmu ya kwana a Kalsa zai koma gida bai san inda zuciyar garin take ba. A Albergheria ne kasuwar Ballarò take. Tun da sassafe masu kifi da masu kayan lambu suke ɗaga murya suna rera tallarsu, ana turereniya a lunguna tsakanin masu babura da masu tura kaya, kamar dai mutum ya kutsa cikin kasuwar Kurmi ana gobe Sallah. A tsakanin rumfunan 'yan gari akwai shagunan mutanen Ghana da Nijeriya da Bangaladash da Tunisiya, inda za ka sami doya da garin rogo da manja da kuɓewa, kuma akwai mahautan da ke sayar da naman halal. Uwargida ba za ta ji ta zama bare a can ba, domin mata masu lulluɓi suna ko'ina. Sannan daga bakin kasuwar zuwa fadar tsofaffin sarakuna, wadda ake kira Fadar Normawa, tafiyar 'yan mintuna ce kawai.

Almajirin_Tarihi

Ina so in amsa tambayar Malam Bashir ta ƙarshe, domin a nan ne baƙi da yawa suke zuwa da tsammanin da garin ba zai cika musu ba. Rundunar Musulmi ta sauka a Mazara a shekarar 827 daga ƙasar da yanzu ake kira Tunisiya, kuma wanda ya jagorance ta malami ne, Asad bin Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina. Mu da muke bin mazhabar Malikiyya ya kamata mu san shi, domin a kan mas'alolin da ya tattara ne Sahnun ya yi aikin da ya zama Mudawwana. Ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Siracusa, Palermo kuma ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zama babban birnin tsibirin. A 937 Faɗimawa, daular Musulmi da ke mulkin tsibirin a lokacin, suka gina wa kansu wani ƙaramin birni mai ganuwa a bakin teku mai suna Al-Khalisa, wanda shi ne asalin unguwar Kalsa ta yau. Ibn Hauƙal da ya ziyarci garin wajen 973 ya ce masallatansa sun kai 300.

Amma daga cikin waɗannan masallatai babu ko ɗaya da ke tsaye a yau da siffarsa ta asali. Normawa, mayaƙa Kiristoci masu asali daga arewacin Faransa, sun karɓe birnin a 1072, kuma kusan duk ginin da mai yi wa baƙi jagora zai nuna maka ya ce na Larabawa ne, sarakunan Normawa Kiristoci da fadawansu ne suka gina shi a ƙarni na 12. Don haka kada ka shiga Kalsa kana neman fadar sarkin Musulmi, abin da za ka tarar majami'u ne da gidajen masu sarauta na ƙarnonin baya.

Ɗan_Damagaram

Malam, ke nan waɗannan gine-ginen masu jajayen ƙubbobi da ake sakawa a kowane hoton Palermo ba masallatai ba ne tun asali? Ni na ɗauka masallatai ne aka mayar da su majami'u.

Mai_Zanen_Gini

Ɗan'uwa na Damagaram, ba masallatai ba ne. San Cataldo da ke Piazza Bellini, kusa da Quattro Canti, a matsayin coci aka gina shi wajen shekarar 1160, shi ma San Giovanni degli Eremiti da ke Albergheria a matsayin coci aka gina shi, ko da yake a jikin na biyun akwai wani tsohon ɗaki da masana ke jayayya a kan ko ragowar masallaci ne. Jan launin ƙubbobin ma ba na asali ba ne, a lokacin gyaran da aka yi a ƙarshen ƙarni na 19 aka shafa shi.

Sai dai ina da ja da Malam Almajirin_Tarihi a kan yadda ya rufe maganarsa. A sana'armu ba a auna gadon al'umma da bangon da ya rage a tsaye kaɗai. Wanda ya bar manyan titunan nan biyu ya shiga cikin Capo ko Albergheria zai ga kwararo-kwararo masu lanƙwasa, da lungunan da ba su ɓulla ko'ina sai tsakar wasu gidaje, da kasuwanni da suka mamaye titi ɗaya dogo maimakon su zauna a fili, kuma wannan tsari ya girmi Via Maqueda da ɗaruruwan shekaru. A ƙarƙashin garin akwai hanyoyin ruwa da aka haƙa da fasahar da ta zo daga ƙasashen Musulmi. Sannan idan ka shiga Cappella Palatina a cikin fadar, cocin da Sarki Roger na Biyu ya gina aka keɓe shi a 1140, ka ɗaga kanka, za ka ga rufin katako mai sassaƙa irin ta muƙarnas, wato ado mai kama da saƙar zuma, da rubutun Larabci da zanen mutane zaune suna kaɗa garaya irin ta Gabas, a saman bangon da aka lulluɓe da ƙananan gilasai masu ruwan zinare irin na Rumawa. Sarki Kirista ne ya biya kuɗin aikin, amma hannuwan da suka yi rufin a duniyar Musulunci suka koyi sana'arsu. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya sa UNESCO ta sanya waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 2015, kuma ya isa a kira shi gado.

Malam_Hadi_Sakkwato

Akwai abu guda da ba a ambata ba tukuna, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Babban cocin Palermo, wanda aka fara ginawa a 1185, yana tsaye ne a inda babban masallacin Juma'a na birnin yake a da, kuma kafin masallacin ma coci ne na Rumawa a wurin. A rumfar shiga ta kudu, ginshiƙin farko na hagu yana ɗauke da rubutun Larabci da aka sassaƙa, wanda aka ɗebo daga aya ta 54 ta Suratul A'araf. Jama'a suna wucewa ta gefensa ba su lura ba, saboda haka ka rage sauri idan ka isa wurin, ka karanta da idonka.

Batun sallah kuma, akwai masallaci a unguwar Capo, a Via del Celso, bayan Cassaro kaɗan. Tsohon coci ne da aka ba wa Musulmi, aka buɗe shi a 1990, kuma mutanen Tunisiya ne ke kula da shi. Ban da shi akwai ƙananan wuraren sallah a wajejen Ballarò da tashar jirgin ƙasa. Idan ranar Juma'a ta faɗo cikin kwanakinku, ku ware ta ga Capo: kasuwa da safe, masallaci da rana, babban coci bayan la'asar, duk a tafiyar ƙafa.

Ummu_Sadiya

Ina yi wa uwargidan Malam Bashir fatan alheri, kuma ina so in ja hankalinku kan abinci, domin a Palermo a kan titi ake cin mafi yawan abin da garin ya shahara da shi, kuma kitsen alade yana ɓoye a inda mutum ba ya zato. Sunansa strutto, ku riƙe wannan kalma. Ana sa shi a wasu nau'o'in burodi, ana sa shi a ɓawon kayan zaƙin da ake kira cannoli, wanda sau da yawa har da ɗan giya ake kwaɓa shi. Arancina, wato dunƙulen shinkafa da ake soyawa, iri biyu ne suka fi yawa: mai niƙaƙƙen nama, wanda zai iya kasancewa gauraye da alade, da mai man shanu da cuku, wanda a cikinsa akwai yankan naman alade ko da yake sunansa bai nuna ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne kifi, tun da garin na bakin teku ne. Taliya da kifin sardin, da gasasshen kifi, da caponata da ake yi da babban yalo, ba su cika zuwa da matsala ba, amma duk da haka ku tambaya ko an zuba giya a miyar.

Tanimu_Brescia

Gaskiya ne abin da 'yar'uwa Ummu Sadiya ta faɗa, sai dai in ƙara abu biyu. Akwai burodin da ake cusa wa saifa da huhun ɗan maraƙi, pani ca meusa, wanda wasu 'yan'uwa suke ci don sun ji an ce naman sa ne, alhali a cikin kitsen alade ake soya shi a babban kasko a gaban idonka. Panelle kuma, wanda ake yi da garin wani nau'in wake, galibi da man girki ake soya shi, kuma shi ne abin da na fi saya a kasuwar Capo. Masu sayarwa ba sa jin haushin tambaya, sun saba da Musulmi. Ka ce senza maiale, wato ban da alade, ka ambaci strutto, za su faɗa maka gaskiya.

Sani_Agadas

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in yi magana a matsayin wanda bai shiga Ballarò da jakar yawon buɗe ido ba. Ta hamada da Libiya da teku na iso Sisili, kuma a Albergheria na fara samun ɗakin haya, a wani gida da rabinsa ya rushe. Hajiya Rabi ta faɗi gaskiya cewa unguwar tana da rai, amma dalilin da ya sa baƙin haure suka cika ta shi ne 'yan gari sun gudu sun bar ta. Jiragen sojojin ƙawance sun yi wa tsohon birnin ruwan bama-bamai a 1943, mafi muni a ranar 9 ga Mayu, kuma bayan yaƙi maimakon a gyara gidajen sai aka karkata ga gina dogayen benaye a bayan gari, harkar da 'yan Mafiya suka ci riba mai yawa a cikinta. Gidajen da aka bari su ne muka shiga saboda arha. Har yau akwai kango a tsakiyar unguwar da ciyawa ta tsiro a kansa.

Roƙona ga Malam Bashir shi ne, idan ya shiga Ballarò kada ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton mutane ba tare da izini ba. Wasu daga cikin samarin da za ka gani zaune a dandali suna jiran takardun zama ne, wasu iyayensu a gida ba su san halin da suke ciki ba, kuma hoto guda a Facebook yana iya jawo musu abin da ba ka zata ba. Ka yi sallama, ka sayi abu, ka zauna ka sha shayi, za ka ji Hausa ma in ka yi sa'a. Game da kwana kuwa, akwai lunguna a can da ake sayar da ƙwaya da dare, kuma ba zan ba mai iyali shawarar ya bi su bayan isha'i ba. Wani abin da ke damuna kuma shi ne gidajen da ake mayarwa masaukin masu yawon buɗe ido suna tura kuɗin haya sama, kuma mutanen da suka raya unguwar lokacin da kowa ya guje ta su ne farkon waɗanda ake cewa su tashi.

Hajiya_Rabi_Kumasi

Ɗana Sani, Allah ya saka maka da alheri, Allah kuma ya daidaita maka al'amuranka. Ban musa ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba, kuma maganar hoto ya kamata kowa ya riƙe ta. Amma Albergheria ba lungu ɗaya ba ce. Ɓangaren da ke kusa da fada da Cassaro yana da haske da jama'a har dare, kuma a can nake nufin su sauka, ba a tsakiyar kasuwa ba. Malam Bashir, idan kun shiga unguwar ku nemi babban zanen da aka yi a jikin bangon wani gida na wani baƙar fata mai rigar 'yan zuhudu. Benedetto ne, ɗan bayi 'yan Afirka da aka haifa a Sisili, wanda ya rasu a Palermo a 1589, kuma Kiristocin garin suna lissafa shi cikin waliyyan da ke kare birninsu. Addininmu daban da nasu, amma ganin fuskar baƙar fata a wannan matsayi yana nuna cewa zuwan mutanenmu wannan gari ba jiya aka fara ba.

Lauya_Binta

An mayar da Kalsa wurin kwana kawai a wannan tattaunawa, alhali ita ce unguwar da ta fi buƙatar yini cikakke. A nan aka haifi alƙalan nan biyu, Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, a wajejen Piazza Magione suka taso, kuma su ne suka jagoranci binciken da ya kai ɗaruruwan 'yan Mafiya gaban shari'a. An kashe Falcone da bam a kan hanyar filin jirgi a kusa da Capaci ranar 23 ga Mayu 1992, an kashe Borsellino ranar 19 ga Yuli na wannan shekara. Filin jirgin da za ku sauka sunansu yake ɗauke da shi, kuma a kan hanyarku ta shigowa gari za ku wuce ta inda aka kashe na farkon. Wanda bai san wannan ba ba zai fahimci dalilin da ya sa wasu shaguna suke manna takardar Addiopizzo a ƙofarsu ba, alamar cewa sun ƙi biyan kuɗin kariya ga 'yan daba. Ni a irin waɗannan shaguna na fi son in kashe kuɗina.

A Piazza Marina akwai Palazzo Steri, wanda kotun binciken aƙida ta Sifaniyawa ta mayar da shi mazauninta da kurkukunta har zuwa 1782. Fursunoni sun cika bangon ɗakunan da zane da addu'o'i da waƙoƙi, kuma cikinsu akwai waɗanda laifinsu shi ne an zarge su da komawa Musulunci bayan zaman da suka yi a arewacin Afirka. Wuri ne mai nauyi a zuciya, ba na gaggawa ba. Idan kun fito, a lambun da ke gabansa akwai wata ƙatuwar bishiya ta dangin ceɗiya da saiwoyinta suke saukowa daga rassa, kuna iya hutawa a inuwarta kafin ku wuce Spasimo, tsohon cocin da babu rufi a kansa.

Ɗan_Damagaram

Babu wanda ya ce komai a kan unguwa ta huɗu. Ko babu abin gani ne a can?

Tanimu_Brescia

Akwai, amma da rana. A La Loggia ne kasuwar Vucciria take, wadda a da ita ce mafi shahara, yanzu kuwa rumfunanta sun ragu ƙwarai, kuma da dare dandalinta yana komawa wurin kiɗa da shan giya har kusan asuba. Duk arhar ɗakin da aka nuna maka a can, Malam Bashir, kada ka kama. Da safe kuna iya zuwa ku ga cocin San Domenico inda kabarin Falcone yake yanzu, ku shiga ɗakin ibada na Oratorio di Santa Cita ku ga aikin farar ƙasa na Giacomo Serpotta, sannan ku gangara La Cala, tsohuwar tashar jiragen ruwa. Rabin yini ya wadatar.

Bashir_Fagge

Na gode ƙwarai, 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Malam Sani, maganarka ta shige ni, kuma in Allah ya yarda za mu kiyaye. Akwai abin da ya kamata in ƙara: maiɗakina tana fama da ciwon gwiwa, ba za ta iya doguwar tafiyar ƙafa a yini ɗaya ba, don haka nisan masauki da wuraren da za mu gani yana da muhimmanci a gare mu. Na kuma ga ana ambaton Zisa da Monreale, waɗanda ba sa cikin unguwannin nan huɗu. Shin sun cancanci a sadaukar musu da yini guda?

Mai_Zanen_Gini

Allah ya ba ta lafiya. Wannan bayani ya sauya lissafi, domin lungunan kasuwanni an shimfiɗa su da manyan duwatsu da suka sha tafiya suka yi santsi, kuma inda masu kifi suke zuba ruwa ƙasa tana da sulɓi. Ku nemi masauki a kan Cassaro ko Via Maqueda kusa da Quattro Canti, inda aka hana motoci wucewa a wani dogon sashe kuma ƙasa take a baje, sannan kafin ku biya ku tambaya ko ginin yana da na'urar hawa bene, saboda tsofaffin gidajen masu sarauta da aka mayar masauki da yawa matakala ce kawai, kuma doguwa.

Zisa kuwa lallai ku je, da tasi. Sarki William na Farko ya fara gina ta a 1165 a matsayin fadar hutu lokacin zafi, ɗansa ya ƙarasa. Ruwa yana fitowa daga bangon babban zaure ya gangara ta kwata a tsakiyar ɗaki zuwa tafkin da ke waje, kuma an tsara ginin yadda iska za ta ratsa ta sanyaya ɗakuna. A ciki akwai gidan adana kayan fasahar Musulunci, har da wani allon kabari na wata mata Kirista da aka rubuta da Latin da Girkanci da Larabci, da kuma Larabci cikin haruffan Ibrananci. Monreale tana kan tudu a bayan gari, bas mai lamba 389 yana tashi daga Piazza Indipendenza bayan fada, amma saboda gwiwar Hajiya tasi ya fi, domin zai kai ku kusa da ƙofar babban cocinta.

Almajirin_Tarihi

Na yarda da Malama Mai_Zanen_Gini cewa tsarin lunguna da fasahar magina gado ne, ban taɓa nufin in kore wannan ba. Abin da nake gudu shi ne labarin da ake sayar wa baƙi cewa Musulmi da Kirista da Yahudawa sun zauna lami lafiya har ƙarshe. Gaskiya ne a fadar Roger na Biyu Al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154, inda ya yi bayanin Gana da Gao da Kanem, kuma gaskiya ne Ibn Jubairu da ya zo a ƙarshen 1184 ya ga matan Kiristocin Palermo suna lulluɓi suna magana da Larabci. Amma shi Ibn Jubairun ya rubuta cewa akwai ma'aikatan fada da suke ɓoye Musuluncinsu don tsoro. Daga shekarun 1220 Sarki Frederick na Biyu ya kwashe sauran Musulmin tsibirin ya kai su Lucera a babban yankin Italiya, kuma a 1300 aka tarwatsa wannan al'umma ma. Yahudawa an kore su bisa dokar 1492, kuma allunan sunayen tituna masu harshe uku, Italiyanci da Ibrananci da Larabci, da za ku gani a wajejen Via Calderai, na zamanin nan ne, an kafa su don tunawa da unguwarsu. Idan kun fita ta Porta Nuova ku waiga ku dubi mutum-mutumin nan huɗu masu rawani a jikin ƙofar, waɗanda aka sassaƙa a matsayin kamammu don tunawa da cin Tunis da Sarki Charles na Biyar ya yi a 1535. Wannan ƙofa tana manne da fadar da rufin muƙarnas yake ciki, kuma ya kamata baƙo ya ga su biyun a rana ɗaya.

Ɗan_Damagaram

Idan na fahimci malamai daidai, rabon nan na gida huɗu bai wuce shekara 400 da 'yan kai ba, alhali garin ya girme shi nesa. To me ya sa Malam Bashir zai ɗaure kansa da shi? Tun da Hajiya ba ta son wahalar tafiya, ni da zan ce su bi Cassaro kawai, wanda shi ne tsohon titin garin, su raba shi kashi-kashi, kowace rana su ɗauki wani yanki su riƙa leƙawa dama da hagu. Ta haka za su taɓa dukkan unguwannin ba tare da sun yi nisa da hanyar komawa ba.

Lauya_Binta

Shawarar tana da sauƙi ga gwiwa, amma tana da illa. Cassaro da Via Maqueda a yau shagunan tsaraba da wuraren cin abincin baƙi ne suka cika su, kuma wanda bai yi nisa da su ba zai riƙa ganin baƙi 'yan'uwansa ne kawai. Piazza Magione da tsakiyar kasuwar Capo ba sa ganuwa daga bakin titi, sai an shiga an zauna. Gara su ga unguwa biyu sosai su bar biyu, da su leƙa huɗu daga bakin ƙofa.

Sani_Agadas

Idan biyu za a zaɓa, ni Capo da Albergheria zan ce, saboda a nan ne har yanzu mutane suke zaune suna cefane suna kai yara makaranta. Kalsa ta yi kyau bayan gyara, amma ta fara zama ta masu kuɗi da baƙi.

Tanimu_Brescia

Ni dai ina nan a kan Kalsa don kwana, ko da yake maganar Malama Mai_Zanen_Gini ta sa na matso da zaɓina kusa da Piazza Bellini. Ko ma wanne kuka ɗauka, ku lura da lokaci. Kasuwanni da safe suke ci, zuwa azahar masu kifi sun fara tattara kaya, ƙananan shaguna da majami'u da yawa suna rufewa da tsakar rana sai wajen ƙarfe huɗu su sake buɗewa, kuma wannan ne lokacin da Hajiya za ta huta. Fadar Normawa ita ce mazaunin majalisar dokokin Sisili, saboda haka a ranakun da 'yan majalisa ke zama akan rufe wasu ɗakunan sarauta ko da Cappella Palatina tana buɗe. Ku duba jadawalin ranar da kuke so kafin ku sayi tikiti, kuma ku je da zarar an buɗe ƙofa, kafin jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido su sauke fasinjojinsu.

Hajiya_Rabi_Kumasi

Malam Bashir, idan kun tsayar da ranar tafiya ka sanar da mu a nan, zan tambayi ƙanena wane mahauci ne a Ballarò ya fi amincewa da yankansa, kuma ko akwai masaukin da ke hawa na ƙasa a wajejen fada, don kada Hajiya ta sha wahalar matakala.